Furen Dafodil: Tambayoyi da Amsoshi Kan Asalinsa, Ma'anarsa da Yadda Ake Shuka Shi

Duk wanda ya taɓa zama a Birtaniya ko Holan ko arewacin Amurka a cikin watan Maris ya ga wannan fure mai ruwan ɗorawa ya mamaye bakin hanya da filayen shaƙatawa, tun bishiyoyi ba su mayar da ganyensu ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da ma'aikatan da suka sauka a waɗancan ƙasashe, da masu sha'awar lambu a gida, suka fi yawan maimaitawa a kansa.

Mene ne dafodil, kuma da me ake gane shi?

Dafodil tsiro ne mai fure wanda yake fitowa daga wani dunƙulallen kai da ke cikin ƙasa, mai siffar kan albasa har da busasshen ɓawonsa, don haka a waɗannan amsoshi za a riƙa kiran wannan kai albasar dafodil. Daga cikinta dogayen ganyaye marasa faɗi suke tsirowa, sai kara ɗaya mara ganye ya miƙe a tsakiyarsu ya ɗauki fure ɗaya, ko furanni da yawa a wasu nau'o'in. Abin da ya raba shi da sauran furanni shi ne ƙirarsa: ganyayen fure shida a buɗe ta baya, da wani ƙoƙo a tsakiya wanda ya turo gaba, a wasu dogo kamar bakin kakaki, a wasu kuwa gajere ƙwarai. Rawaya ne launin da aka fi sani, amma akwai fari fat, akwai fari mai ƙoƙo ruwan lemo, akwai kuma mai ƙoƙo ruwan hoda.

A Turai da Amurka yana fure tsakanin Fabrairu da Mayu, ganyensa ya bushe wajen Yuni, albasar ta kwanta a ƙasa har kaka, sannan ta sake yin saiwa. A Ostireliya da Afirka ta Kudu, inda lokutan shekara suke a juye, furen yana zuwa ne a Agusta da Satumba.

Dafodil da narsisus da narjis, duk abu ɗaya ne?

Abu ɗaya ne. Masana tsirrai suna kiran dukkan zuriyar Narcissus, sunan da Carl Linnaeus ya tabbatar mata a 1753. A kasuwannin Ingila an saba kiran manya masu rawaya dafodil, ƙanana farare masu ƙamshi kuma narsisus, amma wannan sabo ne na baki kawai. Larabawa suna cewa narjis, Farisawa nargis, kuma daga nan ne aka samo sunan mata da ake ji a Iran da Pakistan da Indiya.

A tsarin rarraba tsirrai na zamani, dafodil yana cikin babban gida ɗaya da albasa da tafarnuwa, da kuma albasar kwaɗi da ke fitar da manyan furanni a fadamunmu da farkon damina. Wannan dangantaka ba ta mai da shi abinci ba. A dubi amsar da ta shafi cin sa.

Daga ina ya samo asali?

Gidansa na asali yammacin Bahar Rum ne. Sifaniya da Fotugal su ne suka fi ko'ina yawan nau'o'insa na daji, sai Maroko da Aljeriya a tsallaken teku, kuma masana suna lissafa nau'o'i kusan 50 ko fiye, gwargwadon yadda kowa yake rarraba su. Yana fitowa a makiyayan kan duwatsu, da bakin ƙoramu, da ƙarƙashin bishiyoyin da ke zubar da ganye. Ba duka ne suke jiran ƙarshen hunturu ba: akwai wani nau'i mai koren fure a kudancin Sifaniya da arewacin Maroko wanda yake buɗewa da kaka.

Sanin wannan yanki shi ne mabuɗin fahimtar halin tsiron. Can hunturu ne lokacin ruwa da sanyi, tsakiyar shekara kuwa fari ne da zafi. Saboda haka dafodil ya saba yin dukkan aikinsa cikin 'yan watanni masu danshi, ya tara abinci a albasarsa, sannan ya ɓuya a ƙasa har fari ya wuce. Kusan kowace ƙa'ida ta shuka shi da za a ambata a ƙasa daga nan ta taso.

Wani reshe nasa, wanda ake kira tazetta, mai furanni da yawa a kara ɗaya, ya bi hanyoyin fatauci zuwa gabas, ya zauna a Iran da Kashmir, ya isa ƙasar Sin fiye da shekara dubu da suka wuce, daga can ya shiga Japan. A Ingila kuma har yanzu ana zuwa kallon na daji a kwarin Farndale da ke Yorkshire da kewayen ƙauyen Dymock.

Yaya aka yi nau'o'i hamsin suka zama dubbai?

Aikin masu haɗa iri ne, kuma mafi yawansa a Birtaniya aka yi shi. Tun a 1629 John Parkinson ya bayyana kusan iri 100 da ake shukawa a lambunan Ingila. A ƙarni na 19 wani malamin coci mai suna William Herbert ya nuna cewa ana iya ɗaukar garin furen wani nau'i a sa wa wani a sami sabon iri, sai Edward Leeds da William Backhouse suka ɗora a kan haka. Wani ɗan kasuwar iri, Peter Barr, ya sayi abin da suka tara, ya kuma bi duwatsun Sifaniya da Fotugal yana neman na daji, kuma da ƙoƙarinsa aka yi babban taron dafodil a Landan a 1884. Daga baya ne shahararrun iri suka biyo: King Alfred a 1899, Carlton a 1927, da ɗan ƙaramin Tête-à-tête a 1949, wanda shi ne aka fi gani yau a ƙananan tukwane a bakin shaguna.

Ƙungiyar masu lambu ta masarautar Birtaniya, wadda ake taƙaita sunanta RHS, ita ce take riƙe da rajistar duniya, kuma sunayen da ke ciki sun haura 25,000. Ta kasa su gida 13 bisa siffar fure. Gida na 1 shi ne mai dogon kakaki, na 2 mai babban ƙoƙo, na 3 mai ƙaramin ƙoƙo, na 4 mai ninkin ganyen fure, na 8 kuma tazetta. Idan mai saye ya ga an rubuta 1 Y-Y a jikin leda, ana nufin mai kakaki ne, ganyen furensa rawaya, kakakinsa ma rawaya. Yana da kyau a san cewa ainihin King Alfred ya yi ƙaranci, yawancin abin da ake sayarwa da sunansa wasu iri ne masu kama da shi. Har yau Birtaniya ce kan gaba a noman dafodil, musamman a Cornwall da Lincolnshire da tsibiran Scilly, Holan kuma ita ce cibiyar cinikin albasarsa.

Me ya sa ake ɗaukarsa alamar sabuwar rayuwa da kyakkyawan fata?

Saboda lokacin da yake zuwa. Wanda bai taɓa yin hunturu a arewacin Turai ba da wuya ya gane nauyin wannan: wata uku ko huɗu rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu na yamma, bishiyoyi tsirara, ƙasa ba ta fitar da komai, sai kwatsam wannan rawaya mai haske ta ɓullo alhali wani lokaci ƙanƙara ba ta gama narkewa ba. Mutanen da suka ga haka shekara bayan shekara ba su buƙaci wanda zai gaya musu ma'anarsa ba. Kiristocin Turai sun haɗa shi da kwanakin azuminsu na Lent da bikin Ista, domin a lokacin yake buɗewa, kuma da shi ake ƙawata coci.

Mawaƙin Ingila William Wordsworth ya ƙara masa suna. A ranar 15 ga Afrilu 1802 shi da ƙanwarsa Dorothy suka ci karo da dafodil jere a bakin tafkin Ullswater, kuma waƙar da ya yi a kan haka, wadda aka buga a 1807, tana cikin waɗanda aka fi karantarwa a makarantun Ingilishi. A al'adar Turawa shi ne furen waɗanda aka haifa a Maris, da na cikar aure shekara 10. Akwai kuma tsohon camfi a karkarar Ingila cewa kyautar fure ɗaya tak tana jawo rashin sa'a, shi ya sa ake bayar da shi a dami.

To ina labarin son kai da ake dangantawa da shi?

Wannan daga tatsuniyoyin tsoffin Girkawa ne, kuma sigar da ta fi yaɗuwa ita ce ta mawaƙin Rum mai suna Ovid, wanda ya rubuta ta wajen shekara ta 8 miladiyya. Narsisus saurayi ne kyakkyawa wanda ya wulakanta duk mai ƙaunarsa. Aka hukunta shi da ganin fuskarsa a cikin ruwa, ya kamu da son abin da ya gani, ya kasa tashi daga bakin ruwan har ya rame ya mutu, sai fure ya tsiro a gurbinsa. Daga nan masana halayyar ɗan Adam suka ɗauko sunan da suke kiran cutar ganin kai fiye da kima, wadda Larabawa ke cewa narjisiyya.

Abu biyu ya kamata a lura da su. Furen da Ovid ya siffanta fari ne mai rawaya a tsakiya, wato ba babban mai kakakin nan da aka saba gani ba. Sannan marubucin Rum Pliny ya ce sunan tsiron bai fito daga saurayin ba, ya fito ne daga kalmar Girkanci mai nufin sandarewar jiki, wadda ake alaƙantawa da ƙarfin ƙamshinsa da gubarsa. A ganina wannan ma'ana ta son kai ta fi rayuwa a littattafai. Wanda ya kai wa mara lafiya damin dafodil a yau ba ita yake nufi ba, kuma ba ita za a fahimta ba.

Yaya Larabawa da Farisawa da Sinawa suke kallonsa?

A waƙoƙin Larabci da na Farisanci narjis ido ne. Farin fure mai da'ira a tsakiya, wanda kansa yake ɗan sunkuyawa, ya zama abin kwatanta idon masoyi mai lumshewa, kuma mawaƙin Farisa Hafiz na Shiraz ya yawaita wannan siffantawa. A Iran ana noma shi a wurare irin su Behbahan, inda yake fure da hunturu, kuma ana ƙawata gida da shi a bikin sabuwar shekararsu ta Nauruz.

Sinawa suna kiransa da sunan da ke nufin waliyyin ruwa, domin a cikin kwano da ruwa da tsakuwa suke raya shi, ba a ƙasa ba. Suna auna kwanaki yadda zai buɗe daidai da sabuwar shekararsu, suna ganin hakan alamar arziki ne a shekarar. Garin Zhangzhou a lardin Fujian ya shahara da nomansa, da kuma sana'ar sassaƙa albasar da wuƙa don ganyen ya fito a nannaɗe.

Me ya haɗa shi da yankin Wales?

Shi ne furen ƙasa na Wales, kuma ana maƙala shi a ƙirji ranar 1 ga Maris, ranar tunawa da waliyyinsu Dauda. Tsohuwar alamar Wales wani ɗan'uwan albasa ne mai kaurin lawashi, kuma a harshen Wales sunayen tsirran biyu suna da kusanci ƙwarai. Dafodil ya sami gindin zama ne a ƙarni na 19 da farkon na 20, kuma ana yawan ambaton David Lloyd George, ɗan Wales da ya zama firayim ministan Birtaniya, a cikin waɗanda suka ɗaukaka shi. Har yau alamomin biyu suna tafiya tare.

Na ga mutane sun maƙala shi a riga suna tara kuɗi. Na mene ne?

Na yaƙi da ciwon daji ne da kula da masu jinya. Ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Kanada ta fara sayar da dafodil don tara kuɗi a Toronto tun shekarun 1950, kuma takwarorinta na Ireland da Ostireliya da New Zealand suna da Ranar Dafodil kowace shekara. A Birtaniya ƙungiyar Marie Curie, mai kula da marasa lafiyar da ajali ya kusanto, tana gudanar da nata neman taimako a watan Maris tun 1986.

Ana kuma tunawa da mamata da shi. A birnin Warsaw na Poland, kowace 19 ga Afrilu ana raba dafodil na takarda don tunawa da tawayen da Yahudawan da 'yan Nazi suka killace a wata unguwa suka yi a 1943. Marek Edelman, ɗaya daga cikin jagororin da suka tsira, ya kasance yana ajiye furen a wurin tunawa har ƙarshen rayuwarsa. A New York, bayan harin 11 ga Satumba 2001, an aiko da albasar dafodil kusan miliyan ɗaya daga Holan aka shuka a faɗin birnin, kuma a 2007 aka ayyana shi furen birnin.

Tunda yana kama da albasa, ana cin sa?

Ba a cin sa ko kaɗan, kuma wannan ita ce amsar da ta fi kowace muhimmanci a nan. Dukkan sassansa suna da guba, albasar ce ta fi yawa. Sinadarin da ke ciki, mai suna likorin, yana kawo tashin zuciya da amai da gudawa da murɗar ciki cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma dafawa ba ta kawar da shi. Haɗarin na gaske ne: a 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta rubuta wa manyan shaguna cewa su daina ajiye dafodil kusa da kayan miya, saboda mutane suna ɗaukar albasarsa a matsayin albasa, karansa da bai buɗe ba kuma a matsayin wani ganyen miya.

Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce hanci. Albasar dafodil ba ta da warin albasa, ba ta sa hawaye idan an yanka, kuma ganyensa shimfiɗaɗɗe ne, ba mai rami a ciki irin lawashi ba. Kada a taɓa ajiye ta a kicin ko cikin kwandon cefane, musamman a gidan da ke da yara ko baƙon da bai san ta ba. Wanda ya ci, a wanke masa baki, a nemi likita, a tafi da ragowar abin da ya ci. Karnuka da kyanwoyi da dabbobin kiwo ma tana cutar da su, har ruwan kwalbar da aka sa furen a ciki. Masu tsinkar furen a gonaki kuma suna fama da ƙaiƙayi da tsagewar fatar hannu saboda ruwan karan, don haka safar hannu ta zama dole ga mai yawan taɓa shi.

Amma an ce ana yin magani da shi?

Gaskiya ne, sai dai a masana'anta. Ana tace wani sinadari mai suna galantamin daga cikinsa, wanda likitoci ke ba masu cutar mantuwa ta Alzheimer a matakin farko da na tsakiya. Ba ya warkar da cutar, yana dai sassauta alamominta na wani lokaci. An fara gano sinadarin a shekarun 1950 a wani ɗan'uwan dafodil mai farin fure, kuma yanzu ana noman dafodil dominsa a tsaunukan Wales. Wannan ba hujja ba ce ta jiƙa shi ko dafa shi a gida, domin maganin da gubar a haɗe suke a albasa ɗaya. Masu turare ma suna amfani da farin nau'in da ake tsinka a tuddan Aubrac na Faransa.

Yaushe ake shuka shi, kuma yaya?

Da kaka ake shuka shi, daga Satumba zuwa farkon Nuwamba a Turai da Amurka, domin ya yi saiwa kafin ƙasa ta daskare. A zaɓi albasa mai nauyi da tauri, wadda gindinta bai yi laushi ko fumfuna ba. Babba ta fi ba da fure. A haƙa rami mai zurfin da ya kai tsawon albasar sau uku, wato wajen santimita 15 ga manya, a sa ta tsinin yana kallon sama, a bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakaninta da 'yar'uwarta, a rufe a ba ta ruwa sau ɗaya sosai.

Ƙasar da ruwa ba ya kwanciya a cikinta yake so. Idan laka ce mai riƙe ruwa, a gauraya ta da yashi mai kauri da ruɓaɓɓen taki, ko a ɗaga kunya. Ɗanyen kashin dabbobi kuwa kada ya taɓa albasar. Yawancin iri suna buƙatar sanyi na mako 12 zuwa 16 a ƙasa da digiri 9 kafin karan fure ya miƙe yadda ya kamata, kuma wannan sharaɗi shi ne tushen amsar ƙarshe a kan ƙasar Hausa.

A wane sashe na lambu ya fi kyau?

Inda zai sami rana aƙalla rabin yini a lokacin da yake da ganye. Ƙarƙashin bishiyar da ke zubar da ganye da hunturu wuri ne mai kyau, domin kafin ta yi inuwa ya gama aikinsa. Ƙarƙashin wadda ba ta zubarwa kuwa ba ya daɗewa. Ya fi kyan gani a rukuni na bakwai ko goma fiye da a layi ɗaya. Masu son ya yi kamar na daji a cikin ciyawa sukan watsa albasar da hannu su binne kowace inda ta faɗi, amma sai sun haƙura da yanke ciyawar wurin har ganyen ya bushe.

Ƙananan iri irin su Tête-à-tête sun dace da tukunya da bakin taga, muddin tukunyar tana da huji a gindi. Wanda ya haɗa mai saurin fure irin February Gold, da na tsakiya irin Carlton, da mai jinkiri irin Actaea, zai iya ganin fure kusan wata uku a jere. Wata fa'ida kuma ita ce ɓeraye da kurege da barewa, waɗanda suke cinye albasar tulif (wani furen lambu mai fitowa daga albasa), suna ƙyale dafodil saboda gubar da aka ambata a sama.

Idan furen ya bushe, in yanke ganyen?

A'a, kuma a nan ne mafi yawan masu lambu suke yi wa kansu asara. Abin da za a cire shi ne busasshen kan furen, don kada tsiron ya ɓata ƙarfinsa wajen yin 'ya'ya. Ganyen kuwa a bar shi aƙalla mako shida, har ya yi rawaya ya kwanta da kansa, domin a waɗannan makonni ne yake mayar da abinci cikin albasar, kuma a daidai lokacin ne furen baɗi yake fara ƙulluwa a cikinta. Ɗaure ganyen ko kitse shi don wurin ya yi tsaf, kamar yadda wasu ke yi, yana rage hasken da yake samu. Wanda ganin ganyen ya dame shi, sai ya shuka wasu tsirrai masu faɗin ganye a gabansa su rufe shi. Idan an yi fari a wannan lokaci a ba shi ruwa, a kuma sa masa taki mai yawan fotash.

Nawa ganye kawai yake yi, babu fure. Me ya faru?

Dalilan sanannu ne. Ko an yanke ganyen bara da wuri, kamar yadda aka yi bayani a amsar da ta gabata, ko an binne albasar sama-sama, ko inuwa ta yi yawa, ko kuma sun hayayyafa sun cunkushe har abinci ba ya isar su. Maganin cunkoso shi ne a tono su bayan ganye ya bushe, a rarraba, a sake shukawa da zurfi da tazara. Yin haka duk shekara huɗu ko biyar ya isa. Mai yiwuwa a jira shekara ɗaya ko biyu kafin fure ya dawo. Idan an tono an tarar da albasar ta yi laushi ko cikinta ya zama rami, to matsalar ta tambaya ta gaba ce.

Waɗanne ƙwari da cututtuka ne suke kama shi?

Uku ne manya. Akwai wani ƙuda mai kama da ƙudan zuma wanda yake yin ƙwai a gindin ganye, tsutsarsa ta shiga albasar ta cinye tsakiyarta; toshe ramin da busasshen ganye ya bari da ƙasa yana rage shi. Akwai ruɓar gindi, wadda wani naman gwari ke kawowa, kuma ta fi tsanani a ƙasa mai ɗumi da danshi. Sai wata tsutsa da ido ba ya gani, mai murɗe ganye, wadda idan an yanka albasar a gicciye ake ganin zobba masu launin ƙasa. Wannan ta kusa kashe noman dafodil a Birtaniya, har sai da wani matashin mai bincike, James Kirkham Ramsbottom, ya gano wajen 1917 cewa jiƙa albasar na 'yan sa'o'i a ruwa mai zafin kusan digiri 43 yana kashe tsutsar ba tare da ya kashe tsiron ba. Manoma suna bin wannan hanya har yau da na'urori masu auna zafi. Ga mai ƙaramin lambu, abin yi shi ne ya tono wadda ta kamu ya ƙone ta, kada ya jefa ta cikin taki.

Yaya ake ƙara yawansa?

Hanya mafi sauƙi ita ce raba 'ya'yan da albasar take fitarwa a gefenta, kuma su ne suke ba da fure iri ɗaya sak da uwar. Manoma sukan yanka albasa ɗaya gida-gida, kowane yanki da ɗan gindi a jikinsa, su sami da yawa. Shuka ƙwayar iri tana ɗaukar shekara biyar zuwa bakwai kafin fure na farko, kuma abin da zai fito ba lallai ya yi kama da uwar ba, shi ya sa masu neman sabon iri ne kawai suke bin ta.

Me ya sa sauran furanni suke yaushi idan an haɗa su da shi a kwalba?

Karan da aka yanka yana fitar da ruwa mai yauƙi wanda yake hana tulif da wardi shan ruwa. A sa dafodil shi kaɗai a ruwa na wasu sa'o'i ko kwana ɗaya, a zubar da ruwan, sannan a haɗa su ba tare da an sake yanke karan ba. An fi so a yanke shi lokacin da kan furen ya sunkuya ya fara nuna launi amma bai buɗe ba, kuma a wuri mai sanyi yakan kai kusan mako ɗaya.

Zai yi a Kano ko Zinder ko Jos?

A matsayin tsiron da zai zauna a ƙasa yana dawowa kowace shekara, ba zai yi ba. Sanyin hunturunmu na dare da asuba ne, da rana ta ɗaga sai ƙasa ta ɗume, alhali shi yana son watanni uku ko huɗu na sanyi mara yankewa. Damina kuma tana haɗa zafi da danshi a daidai lokacin da albasar take son bushewa, wanda shi ne yanayin ruɓar gindi. Ko tuddan Jos da Mambila, duk da sanyinsu, ba su kai abin da manyan masu kakaki suke nema ba.

Abin da ya fi kusa da yiwuwa shi ne farin nan na gidan tazetta, irin su Ziva, wanda ba ya buƙatar a sanyaya shi. Ana jera albasar a kwano mai tsakuwa, a zuba ruwa ya tsaya daidai ƙarƙashin gindinta ba tare da ya jiƙa jikinta ba, a ajiye a wuri mai haske da sanyi a Disamba ko Janairu, kuma cikin mako huɗu zuwa shida yakan yi fure. Bayan haka albasar ta ƙare, sai a sayi wata baɗi. Sanyaya manyan iri a firiji yana yiwuwa ga wanda wutarsa ba ta yankewa, da sharaɗin a rufe su a kwali mai rubutu, nesa da abinci da kuma tuffa, wadda iskar da take fitarwa ke lalata furen da ke cikin albasar. Sannan shigo da albasar tsiro daga waje yana buƙatar izinin hukumar kula da shige da ficen tsirrai.

Ga wanda fure a tsakar gida yake nema, 'yan'uwan dafodil na ƙasashen zafi sun fi cancantar wahalarsa. Albasar kwaɗi tamu ce, ta san rani ta san damina. Akwai kuma amarilis mai manyan furanni ja, da wani ɗan ƙarami mai suna zefirantes wanda yake buɗewa 'yan kwanaki bayan saukar ruwan sama, kuma a cikinsa akwai mai rawaya. Su ma duk masu guba ne, don haka gargaɗin da aka yi a kan ajiye su nesa da kicin da yara ya hau kansu.